NP ko PA: Horon da Kowannensu Ke Samu Kafin a Damƙa Masa Marar Lafiya a Amurka

A asibitocin Amurka ba lallai ne wanda ya auna ka, ya tura ka gwajin jini, ya faɗa maka abin da ke damunka kuma ya rubuta maka magani ya kasance likita ba. Sau da yawa ɗayan biyu ne: ko nas ɗin da ta ƙaro karatu har ta samu lasisin duba marasa lafiya da rubuta magani, wadda ake taƙaita sunan aikinta da haruffan NP, ko kuma mataimakin likita, wato PA. A ɗakin duba marasa lafiya da wuya ka bambance su. A albashi ma kusan kunnen doki suka yi: alƙaluman hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka na watan Mayun 2023 sun nuna tsaka-tsakin albashin NP dala 126,260 ne a shekara, na PA kuma dala 130,020. Inshorar tsofaffi ta gwamnatin tarayya, Medicare, tana biyan kowannensu kashi 85 cikin ɗari na abin da take biyan likita a kan aiki iri ɗaya. Bambancin yana can baya, a hanyar da kowa ya biyo kafin ya zauna a wannan kujera, kuma shi ya kamata mai shirin zaɓen ɗaya ya duba tun kafin ya biya kuɗin fom.

Shekara ɗaya aka haife su, 1965, kuma ƙarancin likitoci ne ya haifar da su duka. A Jami'ar Duke, Dokta Eugene Stead ya ɗauki tsofaffin ma'aikatan lafiya na sojan ruwa guda huɗu, ya tsara musu karatu a kan salon horon gaggawa da aka yi wa likitoci lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A Jami'ar Colorado kuwa, Loretta Ford, wadda nas ce, ta haɗa kai da likitan yara Henry Silver suka fara koya wa nas-nas masu aiki a karkara yadda za su duba yara da kansu. Wannan asali bai gushe ba har yau. Makarantar PA tana ɗaukar ɗalibi a matsayin wanda za a gina daga tushe, a koya masa likitanci a taƙaice. Makarantar NP kuwa tana ɗaukar ɗalibarta a matsayin wadda ta riga ta san asibiti, sai dai a ɗora mata. Duk wata fa'ida da duk wani aibu na hanyoyin biyu daga nan suka tsiro.

Hanyar PA

Mai neman shiga yana buƙatar digirin farko, a kowane fanni, muddin ya yi darussan sharaɗi: ilimin sassan jiki, yadda jiki ke aiki, ƙwayoyin cuta, kimiyyar sinadarai, ƙididdiga, galibi da ilimin halayyar ɗan Adam. Makarantu da yawa ba sa karɓar darasin da ya tsufa, wasu shekara biyar suke yankewa, wasu bakwai ko goma, don haka wanda ya daɗe da gama jami'a yakan sake zaman aji. Sannan akwai sa'o'in aikin kula da marasa lafiya hannu da hannu. Wasu makarantun sa'a 500 suke nema, wasu 1,000, wasu 2,000, wasu ba su sa sharaɗi ba amma masu nema suna zuwa da dubbai. Ana tara su ne ta aikin motar ɗaukar marasa lafiya, ɗibar jini, taimaka wa nas a gefen gado da makamantansu. A nan mutane kan yi asarar shekara guda: bin likita a baya kana kallo ba ya shiga wannan lissafi, kuma aikin rubuta wa likita bayanan marar lafiya wata makarantar ta ƙirga shi, wata ta ƙi. Yawancin makarantu ta manhaja ɗaya ake nemansu, CASPA.

Karatun kansa kimanin wata 27 ne, a jere, ba hutun kirki, kuma digiri na biyu ake fita da shi. Kashin farko, wata 12 zuwa 15, na aji ne da ɗakin gwaji daga safe zuwa yamma. Ana bin jiki sashe-sashe, zuciya, huhu, ƙoda, hanta, ƙwaƙwalwa, a kowanne a koyi cututtukansa, gwajinsa da maganinsa. A makarantu da dama ɗalibai suna feɗe gawa ko su yi nazari a kan wadda aka riga aka feɗe. Ana koyon ɗinkin rauni, ɗora filasta a karaya, karanta hoton ƙirji da zanen bugun zuciya. Makarantu da yawa suna hana ɗalibi yin wani aiki a gefe, ko su gargaɗe shi da babbar murya, domin jarrabawa kusan kowane mako ce.

Kashi na biyu shi ne zagayen sassan asibiti, sama da sa'a 2,000. Hukumar da ke tantance makarantun, ARC-PA, ta wajabta a ratsa fannoni bakwai: likitancin iyali, cututtukan cikin jiki na manya, sashen gaggawa, tiyata, yara, lafiyar mata har da awon ciki, da lafiyar ƙwaƙwalwa. Kowane zagaye yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida, galibi da jarrabawa a ƙarshensa, sannan a bar wa ɗalibi zaɓi ɗaya ko biyu. Wani sharaɗi da ba a cika kula da shi ba, alhali yana da nauyi: dokar hukumar ta hana makaranta tilasta wa ɗalibi ya nemo wa kansa asibitin da zai yi zagaye ko wanda zai koyar da shi. Wannan nauyin makaranta ne.

Daga nan sai jarrabawar ƙasa guda ɗaya tilo, PANCE, tambaya 300 a kashi biyar, kowane kashi tambaya 60 cikin minti 60. Dama shida ake da ita cikin shekara shida bayan kammalawa. Wanda ya ci zai riƙa tara makin ƙarin ilimi 100 duk shekara biyu, ya sabunta shaidarsa da jarrabawa duk shekara goma. Shaidar ta gama-gari ce. PA zai iya shekara biyar a tiyatar ƙashi, ya koma sashen fata ko na gaggawa ba tare da ya sake taka makaranta ba, sai dai sabon wurin ya koya masa a bakin aiki.

Hanyar NP

Nan dole sai an fara zama nas: digirin farko na jinya, cin jarrabawar lasisin nas ta NCLEX-RN, lasisin jiha. Sannan a shiga digiri na biyu, MSN, shekara biyu zuwa uku, ko digirin dakta na aikin jinya, DNP, shekara uku zuwa huɗu. Tun ranar cike fom ake zaɓen irin mutanen da za a duba. Tsarin da ƙungiyoyin jinya suka amince da shi a 2008 ya kasa su shida: iyali daga jariri zuwa tsoho, manya da tsofaffi, yara, jarirai sabbin haihuwa, mata, da masu larurar ƙwaƙwalwa. Ɓangaren manya da na yara kowanne ya sake rabuwa biyu, masu duba mutane a asibitin sha-ka-tafi da masu kula da waɗanda ciwo ya kwantar a gado. Mafi yawan NP, kusan bakwai cikin goma, ɓangaren iyali suka bi.

Kowace ɗaliba sai ta yi manyan darussa uku: yadda cuta ke ɓata aikin jiki, ilimin magunguna, da dabarun duba jiki. Sauran darussan na ɓangaren da ta zaɓa ne, haɗe da na bincike, shugabanci da manufofin lafiya, waɗanda kan ci wuri mai yawa musamman a DNP. Sa'o'in duba marasa lafiya kai tsaye kuwa, mafi ƙarancinsu ya daɗe a 500. Sabon ma'aunin da aka fitar a 2022 ya ɗaga shi zuwa 750. Za ka ji ana cewa DNP sa'a 1,000 ce, kuma gaskiya ne, amma ba duka ake yi a gaban marar lafiya ba, wani kaso na aikin binciken kammalawa ne. Kada wannan adadi ya ruɗe ka.

Jarrabawa ba ɗaya ba ce, ta danganta da ɓangare da hukuma. Mai ɓangaren iyali za ta zaɓi ta AANPCB, tambaya 150 cikin sa'a uku, ko ta ANCC, tambaya 175 cikin sa'a uku da rabi, kuma duk shekara biyar ake sabunta waɗannan. Wadda ta so sauya ɓangare, a ce daga iyali zuwa lafiyar ƙwaƙwalwa, sai ta koma makaranta ta yi ƙarin satifiket, ta sake tara sa'o'i, ta sake jarrabawa.

Babban daɗin wannan hanya shi ne ba a ajiye aiki. Ana iya yin karatun kaɗan-kaɗan, da yawansa ta intanet, nas tana kan albashinta da inshorar iyalinta, wani lokacin ma asibitin da take aiki ya biya wani ɓangare na kuɗin makaranta. Ɗalibin PA kuwa sama da shekara biyu zai yi babu ko sisi da ke shigowa, kuma ba abin mamaki ba ne ya fito da bashin da ya haura dala 100,000.

Lissafin sa'o'i

Masu gardama sukan jera 2,000 kusa da 500 ko 750 su ce magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba, amma adadin ba ƙarya yake yi ba. In aka lissafa da sa'a 40 a mako, 2,000 mako hamsin ne, 750 bai cika mako goma sha tara ba, 500 kuwa mako goma sha biyu da rabi. Tazarar tana da yawa.

Sai dai a raba 2,000 ɗin nan gida-gida. Ɗalibin PA da ya yi mako biyar a sashen ƙwaƙwalwa sa'a 200 ya samu a can. Ɗalibar NP ta ɓangaren ƙwaƙwalwa kuwa dukan sa'o'inta 500 ko 750 a nan ta zuba su, ta ga yadda ake ƙara maganin damuwa a hankali, yadda ake bin jinin wanda ke shan lithium, wani maganin larurar ƙwaƙwalwa, yadda ake tantance mai tunanin kashe kansa. A ranar farko ta aiki a wannan fanni ita ce gaba, nesa ba kusa ba. Haka abin yake a ɗakin bakwaini, inda makarantun NP ke sharɗanta sai nas ta yi kimanin shekara biyu tana aiki a irin wannan ɗaki kafin ta fara sa'o'inta.

Inda lissafin ya juya shi ne ɓangaren iyali, wanda kuma shi ne mafi cika. Sa'o'in nan kaɗan ne za a raba tsakanin jarirai, matasa, masu ciki, manya da tsofaffi, kuma kusan duka a asibitin sha-ka-tafi. Ba tiyata a ciki, ba dole ne a leƙa sashen gaggawa ba, ba dole ne a bi wanda aka kwantar daga ranar shiga zuwa ranar sallama ba. A nan sabon PA ya fi sabuwar NP ganin abubuwa iri-iri a matsayin mai yanke shawara.

Magoya bayan NP sukan amsa da cewa a ƙirga shekarun jinya. Nas mai yin dutin sa'a 12 sau uku a mako tana tara kimanin sa'a 1,800 a shekara, shekara biyar ke nan 9,000. Wannan ba ƙaramin jari ba ne. Wadda ta shekara biyar a ɗakin masu tsananin ciwo tana gane marar lafiya ya fara sulalewa tun kafin na'ura ta yi ƙara, ta san yadda maganin ɗaga jinin da ya faɗi ke aiki minti-minti, ta iya magana da dangi a mawuyacin hali. Ba aji da ke koyar da wannan. Amma aikin nas shi ne lura, aiwatarwa da ankarar da likita. Zama da mutumin da ya zo da ciwon ƙirji, a jera abubuwa biyar da ka iya jawo shi, a fara kore masu kisa kamar toshewar jijiyar zuciya, gudan jini a huhu da tsagewar babbar jijiya, a zaɓi gwajin da zai raba gardama, wannan wata sana'a ce daban, kuma a sa'o'in makaranta ake koyonta. Sannan gogewar sai ta dace da fannin. Shekara goma a ɗakin haihuwa ba za ta taimaka sosai wajen daidaita maganin tsoho mai ciwon suga da ƙoda ba.

Matsala mafi girma ita ce babu wata dokar ƙasa da ta ce sai nas ta yi shekara kaza kafin ta shiga karatun NP. Akwai makarantun da ke karɓar wadda ta gama digirin farko jiya. Idan aka cire gogewar da aka gina tsarin a kanta, sa'a 500 ko 750 ne kawai suka rage. Shi ya sa a ganinmu hukuncin gaskiya shi ne: PA biyu daga makarantu biyu sun yi kusa da juna a abin da suka sani, amma NP biyu masu takarda iri ɗaya na iya zama sama da ƙasa. Ta kirki cikinsu ba ta da na biyu a fanninta. Rarraunar kuwa takardarta ba za ta tona ta ba.

Tsakanin NP da PA ko ɗaya bai kusanci likita a yawan horo ba, wanda bayan shekara huɗu ta makarantar likitanci yake ƙara uku zuwa bakwai na ƙwarewa. Akwai horon ƙarin gogewa na kimanin shekara ɗaya ga NP da PA, na NP na farko an buɗe shi a jihar Connecticut a 2007, amma ba dole ba ne kuma guraben kaɗan ne. Wanda ya samu, kada ya raina shi don albashin shekarar ya yi ƙasa.

Binciken da aka yi ya bi wannan layi. Wanda Mary Mundinger ta jagoranta a New York, aka buga a mujallar JAMA a 2000, ya raba marasa lafiya 1,316 tsakanin NP da likitoci a matakin farko, kuma bayan wata shida sakamakonsu ya zo daidai. Wani na 2018 a asibitocin tsofaffin sojoji ya duba masu ciwon suga sama da 368,000, bai ga wani bambanci na a-zo-a-gani tsakanin waɗanda likita, NP ko PA ke bi ba. Amma nazarin David Chan da Yiqun Chen na 2022 a sassan gaggawa na waɗannan asibitoci ya gano cewa waɗanda NP ta duba sun fi daɗewa a sashen da kashi 11 cikin ɗari, kuma an fi kwantar da su daga baya a kan abin da za a iya kauce masa. Wato a ciwon da aka riga aka san sunansa ana bin sa wata-wata, hanyoyin sun haɗu. A inda marar lafiya ya faɗo ba a san me ke damunsa ba, faɗin horo yana nuna kansa.

A hanyar NP wurare biyu ne aka fi yin tuntuɓe. Na farko neman malamin bakin aiki. Ko da yake hukumomin tantancewa sun ɗora wa makarantun jinya alhakin samar da gurbi, har yanzu ɗalibai da yawa na makarantun intanet su ke yawon roƙon likita ko NP da zai karɓe su, wasu har su biya kamfanonin dillanci, wasu kammalawarsu ta ja zango guda ko biyu. Wadda ta samu gurbi da ƙyar kuwa ba ta da bakin cewa wurin ba ya koyar da komai. Na biyu karɓar aikin da ba na ɓangarenka ba: mai takardar iyali ta shiga ɗakin masu tsananin ciwo saboda ta taɓa yin jinya a can. Idan wani abu ya faru, lauya da hukumar lasisi takardar za su duba, ba shekarun jinya ba.

Ta fuskar 'yancin aiki kuwa NP ce ke gaba. Zuwa 2023 jihohi 27 da birnin Washington sun ba ta damar dubawa, rubuta magani da buɗe asibitinta ba tare da sa hannun likita ba, ko da yake wasu sai ta cika sa'o'i, kamar New York mai neman 3,600. A jihohi irin su Texas har yanzu sai da likita mai sa ido. PA a yawancin jihohi yana aiki ne bisa yarjejeniya da likita, sai 'yan kaɗan kamar North Dakota a 2019 da Utah da Wyoming a 2021 da suka sassauta. A ɗakin tiyata kuwa PA ne ɗan gida, tunda tsayawa kusa da likita a matsayin mataimaki na farko yana cikin horonsa, ita kuwa NP asibitoci da yawa sukan nemi ta kawo ƙarin takarda.

Wa ya dace da wace?

Wadda ta riga ta zama nas, ta yi 'yan shekaru a fanni ɗaya kuma tana son ta tsufa a cikinsa, NP ce hanyarta, babu dalilin ajiye albashi ta koma tara darussan sharaɗi. Wanda ke da digirin kimiyya amma bai taɓa jinya ba, ko yake son tiyata da sashen gaggawa, ko bai tsai da fanni ba tukuna, PA ta fi masa. Shiga jinya don kawai a tsallaka zuwa NP cikin gaggawa shi ne zaɓi mafi rauni, domin an ɗauki gajeren horon an bar gogewar da ke cike shi.

Ga 'yan'uwanmu da suka yi karatu a gida akwai ƙarin bayani. Nas mai rajistar hukumar jinya da ungozoma ta Najeriya za ta fara da kai takardunta a tantance, galibi ta hukumar tantance takardun nas-nas na ƙasashen waje, CGFNS, wadda yanzu ake kira TruMerit, ta ci NCLEX-RN, ta samu lasisin jiha. Idan shaidarta ta makarantar jinya ce ba digirin jami'a ba, yawanci sai ta cike digirin farko kafin a karɓe ta a MSN. Wanda ke kan bizar ɗalibi ta F-1 ya sani cewa darasi ɗaya kacal na intanet ake ƙirga masa a cikakken zango, don haka makarantun NP na intanet zalla ba za su riƙe masa biza ba. Ta ɓangaren PA kuwa babu gajeriyar hanya ga kowa. Likita mai MBBS daga Zariya ko Kano, jami'in lafiyar al'umma na Najeriya, ko mataimakin likita da aka horar a Ghana, duk ba za su zauna PANCE ba sai sun kammala makarantar da ARC-PA ta tantance, kuma da yawan makarantun sukan ce a sake darussan sharaɗi a wata kwalejin Amurka.

Kafin a biya kuɗin ajiye gurbi, a tambayi makarantar PA matsayin tantancewarta, cikakke ne, na wucin gadi ne ko tana ƙarƙashin gargaɗi, a duba yawan ɗalibanta da suka ci PANCE a zaman farko cikin shekara biyar, wanda dole ne ta wallafa a shafinta, da yawan waɗanda suka fita ba su gama ba. Makarantar NP kuwa a tabbatar ɗaya daga hukumomin tantance makarantun jinya, CCNE ko ACEN, ta tantance ta, a tambayi sa'o'i nawa ne na duba marasa lafiya kai tsaye, sau nawa ɗalibai ke zuwa harabar makaranta a gwada hannunsu a gaban malami, ko hukumar jinya ta jihar da za a yi aiki tana karɓar takardarta, sannan a nemi su rubuta a takarda wanda zai samo malamin bakin aiki, makaranta ko ɗaliba.